Ranar Da Na Zama Karen Motata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara zuwa gaida surukaina ba, kuma ko da na so in manta, mutanen gidan ba su taɓa ba ni dama ba. Abin ya faru ne 'yan shekaru kaɗan bayan Turawa sun miƙa mulki. Lokacin ina koyarwa a makarantar mishan a Malumfashi, ga ni saurayi, da tsaga a gashin kai, da alƙalami a aljihun gaba ko da ba ni da abin rubutawa. In taƙaice muku, ina ji da kaina. Abin da ya ƙara fasa mini kai kuwa shi ne ina da mota.

Kada ku ji mota ku zaci wani abin kirki ne. Wata baƙar tsohuwa ce da wani Bature mai awon auduga a Funtuwa ya sayar mini da zai koma ƙasarsu, shi ma a hannun wani ya same ta. Ba ta tashi sai an zura mata ƙarfe ta gaba an yi ta murɗawa har gumi ya keto. Mutanen gari suka sa mata suna Tsohuwa, ni kuwa in na ji sai in ɗaure fuska, don a idona amarya ce. (Duk malaman makarantarmu keke suke hawa, har da hedimasta. Sai ku auna irin takun da nake yi a lokacin.)

Babbar cutar Tsohuwa ita ce murfin lagireto, wato tukunyar ruwan da ke sanyaya inji. Irin motocin da, murfin ba a ciki yake ba, a waje yake, zaune a kan hancin mota, na tagulla, kowa yana ganinsa. To nata haƙoran da yake kamawa da su sun cinye saboda tsufa, don haka da zarar mota ta fara jijjiga sai ya shiga juyawa a hankali yana kwance kansa. Kana riƙe da sitiyari, kana kallonsa ƙiri-ƙiri yana juyawa, ba yadda za ka yi. In ka yi sakaci sai ka ji fau! ya yi sama, tafasasshen ruwa mai tsatsa ya wanke gilashi, sannan ka sauka ka shiga gonar mutane neman murfi. Na taɓa daɗewa ina lalube a cikin dawar wani mutum har ya fito mini da sanda, yana zaton ɓarawon zangarniya ne.

Ba dabarar da ban yi ba. Na naɗa tsumma a bakin kafin in ɗaura murfin, ya jiƙe ya zame. Na yanko robar tsohuwar tayar keke, zafi ya narkar da ita, mota ta yi ta wari. Wani ya ce in shafa ƙaro, na shafa, ruwan zafi ya wanke shi tas (ni da na san da ƙaro ake haɗa tawada don yana narkewa a ruwa, amma ban yi wannan tunanin ba). A ƙarshe na je wurin wani baduku a kasuwa ya yanka mini fata mai kauri, zagayayyiya kamar zobe. Na sa ta a ƙarƙashin murfin, na murɗa iya ƙarfina, sannan na ɗaure shi da waya na kai wayar jikin ƙarfen fitila na ƙulle. Na zagaya gari, na je Funtuwa na dawo, murfi ko gezau. Na ce shi ke nan, na gama da shi. Abin da ban kawo a raina ba shi ne, a kan lafiyayyar hanya na yi gwajin.

A wannan tsakanin ne maganar aurena ta taso. Hannatu tana aiki a ɗakin shan magani na mishan, ita ke wanke gyambo da raba ƙwayoyi, kuma na yi ta zuwa da ciwon kan ƙarya har Allah ya sa ta gane ainihin ciwon. Iyayenta manoma ne a wani ƙauye can bayan Ƙarfi. Kawuna ya je ya kai goro, aka karɓa, amma mahaifinta Baba Ayuba ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da bai taɓa sa wa ido ba. In zo su gan ni, daga nan a yanke magana. Kawu ya ja mini kunne cewa akwai wani saurayi a ƙauyen da shi ma yake so, kuma uwar yarinyar ta fi karkata can, don a gabanta ya girma. Wato dai a ranar nan ko in samu Hannatu ko in rasa ta, kuma ina son ta sosai, wannan kam ba ƙarya a ciki.

Maimakon in natsu, sai na aika ta bakin Hannatu cewa a gaya musu malami zai zo da motarsa, shi da kansa zai tuƙo. Ba wanda ya tambaye ni, ni na ga ya kamata su sani.

Na ɗauki abokina Ishaya, malamin gona, don mai neman aure ba ya buɗe baki a gidan surukai. Abokinsa ke yi masa magana, shi nasa sunkuyar da kai ne, ba ci ba sha. Ishaya dogo ne, fari, kyakkyawa, kuma ranar ya sha farar riga da hula kamar shi ne angon. Muka tashi da hantsi wata Asabar, ƙarshen damina, auduga ta fara fashewa a gonaki. Har muka wuce Ƙarfi lafiya lau, ina tuƙi ina waƙa. Sai muka sauka daga babbar hanya muka kama ta ƙauyen, wadda ban da gargada da kududdufan jan taɓo ba komai a cikinta. Ba mu yi nisa ba waya ta tsinke. Na tsaya na duba fatar baduku, na tarar ta dahu ta yi laushi kamar ganda. Na murɗa murfi, muka tashi, ya kwance. Na sake murɗawa, ya sake kwancewa. Ruwan da ya rage a lagireto kaɗan ne, in ya zube injin zai ƙone mu kwana a daji, su kuwa suna can suna jira.

Na ce, "Ishaya, taimaka ka hau gaba ka danne mini murfin nan da tsumma, saura kaɗan mu isa."

Ya dubi rigarsa, ya dube ni. "Haba Malam, a wannan rigar? Aurena ne ko naka? Motarka ce, hannunka ta sani. Kawo sitiyarin, ai na iya tarakta."

Haka na tuɓe babbar rigata da hula da takalmi, na ninke a kujerar baya, na rage daga ni sai singileti da wando naɗe zuwa gwiwa. Na kwanta rub-da-ciki a kan ƙarfen da ya rufe tayar gaba, hannu ɗaya na rungume fitila, ɗayan na danne murfi. Duk kududdufin da Ishaya ya shiga a jikina yake ƙarewa, kuma na rantse har yau ba na jin ya kauce wa ko ɗaya. Tururi yana dafa mini hannu, ruwan tsatsa yana tsartuwa a fuskata. Shirinmu shi ne in mun hango ƙauyen mu tsaya a gindin wata bishiya, in wanke jiki, in sa riga, in karɓi sitiyari, in shiga gari a mutunce. Amma dawa ta yi tsawo, ba ka hango komai. Muna shan wata kwana sai ga mu tsundum a tsakiyar jama'a, ashe tun da suka jiyo rurin Tsohuwa suka fito bakin hanya.

Mata suka rangaɗa guɗa. Dattawa suka nufi ƙofar direba, don an gaya musu malami shi da kansa zai tuƙo. "Maraba da Malam! Sannu da hanya, Malam!" Ishaya ya juyo ya dube ni, yana jiran in yi magana. Kalma ɗaya ta isa ta gyara komai. Amma na dubi jikina, ja wur da taɓo tun daga gashi har yatsun ƙafa, sai na ji ba zan iya cewa ni ne ba. Na matsa kusa da shi na raɗa masa, "Yi shiru tukuna, bari in wanke jiki." Aka wuce da shi zaure da girma da arziki, aka shimfiɗa masa sabuwar tabarma. Ni kuwa wani dattijo ya taɓa ni da bakin sandarsa ya ce, "Kai karen mota, zagaya ta baya a ba ka ruwa." Na waiwayi rigata, na ga jama'a sun yi wa motar zobe, wasu har da leƙa ƙarƙashinta. Na sunkuyar da kai na zagaya.

A bayan gidan na tarar da wata mata gajeriya, kakkaura, tana tuƙa tuwo a bakin murhu. Da ta gan ni sai ta ajiye muciya.

"Wayyo, ɗan nan, dubi hannunka! Zo nan, zauna."

Ta ba ni ruwa a ƙwarya na wanke fuska, ta ɗebo man kaɗe ta shafa mini a ƙunar da kanta. Kafin in ce wani abu ta dire mini akushi a gaba: tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa, man shanu yana yawo a kai, ga cinyar kaza a gefe. Ni kuwa rabona da abinci tun jiya, fargaba ta hana ni ci. Na san sarai ba a cin abinci a gidan surukai, amma sai ciki ya shiga kawo mini hujja. Na ce ai uwar yarinya tana can ƙuryar ɗaki tana ɓuya, ba za ta fito tsakar gida ranar da mai neman 'yarta ya zo ba, wannan wata maƙwabciya ce da ta zo taya aiki. Ga shi ma ko sunan Hannatu ba ta kamawa, sai dai ta ce "yarinyar nan", alamar ba ta san ta sosai ba. Da wannan ilimi nawa na malamin makaranta na wanke hannu na kai loma.

Ta ja kujera ta zauna tana kallona, tausayi ya cika mata ido.

"Wannan maigidan naka, kullum haka yake rataye ka a hancin mota?"

Na ce, "A'a Inna, yau ne kawai."

"Yau ɗin ma ya isa. Shi yana ciki da farar riga, ɗan mutane yana waje yana ƙonewa. Wanda ya yi wa yaronsa haka, me zai yi wa mace in ta shiga hannunsa? Ni dai raina bai kwanta ba, kuma sai na faɗa wa mai gidan nan kafin ya ba da yarinyar nan."

Ga dama ta biyu ta faɗin gaskiya, amma yaya zan ce ni ne mai neman auren alhali hannuna yana cikin akushi har wuyan hannu? Sai na bi ɗaya hanyar, wadda har gobe in na tuna sai na ji kamar in nutse.

"Haba Inna, ai ba a yi mutum irin Malam ba a duk ƙasar Malumfashi. Ni na matsa sai na hau, shi har da ƙwalla yana hana ni. Ba ya faɗa, ba ya shan taba, ko ƙofar gidan giya bai sani ba. Turanci kuwa, Bature da kansa in ya kakare shi yake tambaya."

"To," in ji ta.

(Da mai hankali ne da ya tsaya nan. Ni kuwa sai na ji abin ya fara yi mini daɗi.)

"'Yan mata kuwa, Inna, daga Funtuwa har Kafur aike suke yi masa, ko kallo ba su ishe shi ba. Ya ce shi in ba 'yar gidan nan ba, gara ya mutu tuzuru."

"Ikon Allah. Amma kunya kam yana da ita, an kai masa ruwa ko taɓawa bai yi ba. Na leƙa shi ta danga, kyakkyawa ne kuwa, ga tsawo."

Nan kishi ya turnuƙe ni. Na ce, "Ai kyau ba shi ne ba, Inna. Wannan duk riga ce. In kin gan shi da sassafe ba haka yake ba." Sai na tuna kaina nake ɓatawa, na yi maza na ƙara da cewa, "Amma hali, hali kam sai shi."

"Cin abinci fa? Yarinyar nan ba ta saba da babban girki ba."

"Malam? Ai loma biyu ya ƙoshi, ba ruwansa da ciki." Na suɗe yatsa, na miƙa mata akushi. "Inna, ko da sauran 'yar miyar nan?"

Ta ƙaro miya, har da ƙarin malmala. Ina tsakiyar ta biyun ne na ji motsi a bayana. Hannatu ce. Ashe an tura ta zaure ta gaida baƙo, ta tarar da Ishaya zaune a tabarmar ango yana zufa, ya nuna mata cikin gida da ido. Ta tsaya ta dube ni, ta dubi singiletin, ta dubi akushin da na kusa kai wa ƙasa.

"Malam?"

Matar ta ce, "Ke, Malam yana zaure. Wannan yaron motarsa ne, bawan Allah, dubi yadda aka ƙona shi."

Hannatu ta sa hannu ta rufe baki. "Inna, ai shi ne."

"Shi wa?"

"Shi ne malamin. Na zaure abokinsa ne."

Yadda Hannatu ta ce "Inna" ɗin nan ba irin tawa ba ce, irin ta 'ya da uwarta ce. Sai a lokacin kaina ya kawo wuta: Hannatu 'yar fari ce, uwa kuwa ba ta kama sunan 'yar farinta. Abin da na ɗauka rashin sani ne, ashe kunyar uwa ce, abin da duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya sani. Ga loma a hannuna, miya tana yauƙi tana bin gwiwar hannuna, na kasa kai ta baki, na kasa mayar da ita akushi. Na zauna gaban surukata na cinye mata tuwo malmala biyu, na roƙi ƙarin miya, na kuma gaya mata da bakina cewa 'yan matan Funtuwa har Kafur rububina suke yi. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, har kunnuwana sai da suka yi zafi.

Inna ta ja gefen zanenta ta rufe fuska, ta tashi da sauri ta faɗa ɗaki. Can sai na jiyo wani sauti daga ciki, na ce shi ke nan, na sa tsohuwa kuka, aure ya tafi. Na kasa kunne da kyau, ashe dariya ce take yi har tana shiɗewa. Ban san wanne ya fi ciwo ba. Na miƙe da niyyar gudu, amma gudu zuwa ina? Motar ba ta tashi sai an murɗa, kuma ko ta tashi, wa zai riƙe mini murfi?

Hannatu ce ta je ta ɗauko mini rigata, ina ganin kafaɗunta suna rawa don dariyar da take dannewa. Na sa riga a kan taɓo, aka shigar da ni zaure, Ishaya ya matsa ya ba ni tabarma. Kafin nan labari ya riga ni isa. Dattijon da ya kira ni karen mota ya yi ta tari yana kallon rufin zaure. Na sunkuyar da kai, kuma wannan karon ba don al'ada ba. Ishaya ya fara jawabin da muka shirya a hanya, yana zuwa wurin da zai ce abokinsa mutum ne mai kunya sai wani ya fashe da dariya a waje, jawabi ya watse.

Baba Ayuba bai yi dariya ba, abin da ya ƙara tsinka mini zuciya ke nan. Ya tashi ya shiga cikin gida ya daɗe. Ina zaune ina ta tsara yadda zan fuskanci Kawu, da yadda zan riƙa wuce ɗakin shan magani ba tare da na waiwaya ba. Da ya dawo ya zauna, sai ya fuskanci Ishaya, don ba a yi wa mai nema magana kai tsaye.

"Ka gaya wa abokinka, uwar yarinya ta yi magana. Ta ce ƙarya kam yana yin ta, amma bai iya ta ba, don haka ba za ta kai shi ko'ina ba. Ta ce kuma ta ga hannunsa. Mutumin da ya yarda ya dafa hannunsa don kada ya bar mu muna jira a bakin hanya, ba zai bar mata 'ya a hanya ba. Mun ba shi."

Na ji ƙwalla ta cika mini ido. Ban gama sauke ajiyar zuciya ba ya ƙara da cewa, "Sai dai ta ce in zai sake zuwa ya aiko da wuri, a ƙara niƙa." Nan zaure ya ɗauka da dariya gaba ɗaya, har shi Baba Ayuban.

A hanyar dawowa ni na sake hawa hancin mota. Ishaya ya ce shi da ya wuni da yunwa a madadina ba shi da ƙarfin riƙe komai.

An yi aure, mun haifi 'ya'ya, mun aurar da su. Amma tun daga ranar Inna ta ce kunya ta ƙare tsakanina da ita, tunda na riga na suɗe mata akushi. Duk sanda na je, ko da wa ke wurin, ko baƙi ko mai bishara ko 'ya'yana, sai ta dire mini tuwo a gaba, ta gyara zama ta ce, "Ɗan nan, yaya maigidanka? 'Yan matan Kafur suna nan suna aike?" Ban taɓa sabawa ba. Har furfura ta fito mini, in ta faɗa sai na rasa inda zan sa fuskata.

A ciwonta na ƙarshe mun je duba ta, ta rame, magana ma da ƙyar. Na durƙusa a bakin gadonta na gaishe ta. Ta buɗe ido ta daɗe tana kallona, na zaci ba ta gane ni ba, sai na ga bakinta ya motsa.

"Yaya maigidanka?"

Na ce, "Yana nan, Inna. Har yanzu bai yi hankali ba."

Ta ce, "Na sani. Amma ya riƙe mini yarinyar nan." Na fita waje na yi kukana, ban damu da wanda ya gani ba.

Abin da na koya dai ba shi da yawa. In aka tambaye ka halin wani mutum, kuma ya zamana kai ne mutumin, ka ce ba ka san shi sosai ba. Za ka tsira da mutuncinka, kuma gaskiya ka faɗa.